KU TAMBAYI KAWU: Kabarin Shata, rawar Ali Baba, da kaset ɗin da ke cikin adaka

Assalamu alaikum jama'ar Garwa da Marwa da Ngaundare da Kusiri, da 'yan uwanmu na ƙetaren gada a Njamena. Wannan watan kamar kun haɗa baki, saƙonnin da suka shigo kusan duk maganar waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ce, mawaƙa da 'yan wasa da manyan gari. To masu son in shiga tsakaninsu da surukai da masu tambayar maganin basir ku yi haƙuri sai wata mai kamawa. Duk wanda za mu ambata a nan Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Mu teloli ne a babbar kasuwar Garwa, gardama ta kaure a shagonmu har aka kusa ɓatawa, ni na ce Shata a Katsina aka binne shi tunda Mamman Shata Katsina ake ce masa, abokin aikina ya rantse a Kano ne. Mun sa goro. Raba mana don Allah. (Daga wani tela, Garwa)

AMSA: Ɗana ku kawo goron nan ofis kawai, don duk kun faɗi. A Kano ya rasu, cikin watan Yuni 1999, a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, amma Daura aka kai shi aka binne, garin Sarki Muhammadu Bashar wanda suka shaƙu ƙwarai. In ka ce ai Daura a jihar Katsina take to kana da rabin gaskiya, amma na san kai birnin Katsina kake nufi, kada ka zo kana min wayo. Haihuwa kuma Musawa ce a 1923, ya yi zaman Bakori, ya yi Funtuwa, ya yi Kano.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a saƙonka shi ne a ce teloli a Kamaru suna neman ɓatawa a kan kabarin mutumin da ya rasu tun 1999 a wata ƙasa. Yaran yanzu ba za su gane yadda aka yi Shata ya zama namu ba. Rediyo ne ya fara kawo shi. Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ana kama shi a nan a gajeren zango, da daddare ya fi fita tas, mai shayi ya rataye akwatinsa a jikin rumfa ya ja eriya ya ɗaura mata guntun waya ya maƙala a kwano, mutum goma sha suna zaune a benci ba mai tari, in murya ta fara nisa ta dawo sai ka ji an ce a taɓa eriyar nan mana. Rediyon Garwa ma yana da shirye-shiryen Hausa da Fulatanci. Daga baya kaset ya zo, direbobin manyan motoci da 'yan kasuwa masu bin Mubi da Yola da Banki su suka riƙa shigo da shi a aljihu da cikin kaya, mai sayar da kaset ya kwafa daga wannan zuwa wancan har sai muryar ta dusashe kalangu ya koma kamar ana buga shi a ƙarƙashin bargo, kuma a haka muke saye muna murna.

Shi kuma mutumin, abin da ya raba shi da saura, ba ya zama ya rubuta ko ya yi bita. Makaɗa su ɗauki kalangu, ya ba 'yan amshi layi ɗaya su riƙe, shi kuma ya yi ta zuba magana a kai yadda ta zo masa, shi ya sa waƙa ɗaya in ka ji ta a kaset uku za ka tarar ba iri ɗaya ba ce, ya ƙara wani ya cire wani gwargwadon wanda ke zaune a wurin da abin da aka ba shi. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa direbobi, ya yi wa sojoji lokacin yaƙin basasar Nijeriya, ya yi wa noma, in kuma ka ɓata masa ya yi maka zambon da jikokinka za su gada. Kuma ku sani mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba sam, gidansu ba gidan roƙo ba ne, da tallan goro da alewa ya fara. Mutumin nan da aka so a hana shi ne Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba digirin girmamawa a 1988, shi ya sa kuke jin ana cewa Dokta. Ku riƙe wannan maganar ta mahaifinsa, akwai wata Hajiya a ƙasa da za ta yi mata amfani.

TAMBAYA: Salam Kawu. Ni ɗaliba ce a jami'ar Marwa. Kullum in ƙanena yana rawa a tsakar gida sai mamanmu ta ce ka ga Ali Baba. Na ɗauka na tatsuniya take nufi mai ɓarayi arba'in, sai ta ce a'a mawaƙi ne ɗan Garwa. Wai da gaske? Ban taɓa jin shi ba wallahi.

AMSA: 'Yata da gaske ne, kuma wannan "ban taɓa jin shi ba" naki ya sosa min rai, ba laifinki ba ne, laifinmu ne mu manya. Sunansa Amadu Baba Ali, an haife shi a Garwa a 1956, ya rasu a 2004. Ɗan rawa ne kafin ya zama mawaƙi, ya yi aiki da ƙungiyar rawa ta ƙasa a Yawunde a farkon shekarun 1980, daga nan ya wuce Faransa ya zauna a Paris ya yi faifai. Yana waƙa da Hausa yana yi da Fulatanci, ya ɗauko kiɗan arewa ya haɗa shi da gita da ganguna na zamani, salon da ake kira Soul Gandjal.

Ki gane lokacin. Kiɗan Kamaru a wancan zamani in an faɗe shi makosa ake nufi ta mutanen Duwala, sai bikutsi ta wajen Yawunde, mu 'yan arewa a idon mutanen kudu masu shanu ne da masu soya da masu goro, ba a lissafa mu a fagen. Talabijin ta ƙasa ta fara aiki a 1985, gidan da ke da tele a unguwa yara su cika tsakar gidan har kan katanga, sai ga wani ya fito da shigar arewa yana juyi yana tsalle yana faɗin kalmomin da muke faɗi a gida. Ihun da ake yi a lokacin ba na daɗin waƙa kaɗai ba ne. Shi ya sa mamanki har yau in ta ga yaro mai sauƙin jiki shi take tunawa. Daga baya rashin lafiya ta kama shi ta taɓa jikin nan da yake rawa da shi, ya sha wahala shekaru kafin rasuwarsa.

Ki duba YouTube za ki samu kaɗan daga abubuwansa, hoton duk ya koɗe amma rawar tana nan. Ki kai wa mama ki kunna mata, sannan ki zauna ki ji abin da za ta ce, na tabbata labarin da za ta ba ki ya fi nawa.

TAMBAYA: Kawu wai Ibro ɗan sanda ne kafin ya fara fim? Kuma wace shekara ya rasu, ni na ce 2015 matata ta ce 2014. (Mai moto, Gidar)

AMSA: Matarka ta fi ka riƙe lissafi, ranar 10 ga Disamba 2014 ne, aka binne shi a garinsu Ɗanlasan a jihar Kano. Ba ɗan sanda ba ne, gandiroba ne, ya yi aikin gidan yari kafin ya bari ya koma wasan kwaikwayo. Abin mamakin duniya kuma a 2008 lokacin da hukumar tace finafinai ta Kano ta matsa wa 'yan fim, kotun tafi-da-gidanka ta tura shi gidan yarin a matsayin ɗaurarre. Rabilu Musa kenan. Ni dai a ganina har yau ba a yi wanda zai shigo fim bai ce komai ba mutane su fara dariya kamar shi, ko da yake mu da muka girma da Samanja Mazan Fama da Kasimu Yero muna da namu ra'ayin a kan wa ya fi iya wasa. Su ma duk sun tafi, Kasimu Yero a 2017, Samanja a 2023.

TAMBAYA: Kawu ni abin da ke ɗaure min kai, Ahmad S. Nuhu 1 ga Janairu ya rasu a hatsarin mota, Hauwa Ali Dodo ita ma 1 ga Janairu a hatsarin mota. Anya babu wani abu a ranar nan? (Wata uwargida, Domayo, Marwa)

AMSA: Hajiya babu komai a ranar sai abin da Allah ya ƙaddara, kada mu buɗe ƙofar camfi. Ahmad 2007 ne, Hauwa wadda kuka fi sani da Biba 2010. In kina neman dalili na zahiri ki duba yadda sana'ar take, lokacin hutu da bukukuwa shi ne lokacin da 'yan fim ke kan hanya daga wannan gari zuwa wancan suna wasa, babbar sallah ma a ƙarshen Disamba ta faɗo a 2006, hanya cike da motoci, direba bai yi barci ba, ana sauri a isa. Balaraba Muhammad ai a watan Maris ta rasu a 2003, ita ma a mota, ana kai ta gidan miji. Ke da kike Marwa kin san hanyar Mora zuwa Kusiri, ba sai an haɗa da aljanu ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe Kawu. Ina karatu a Ngaundare. Kakana kullum maganarsa zamanin Ahijo, zamanin Ahijo. Na tambaye shi ina kabarinsa a Garwa in je in gani sai ya yi shiru ya kau da kai. Me ya faru?

AMSA: Ɗana kabarin ba ya Garwa, ba ya Kamaru ma gaba ɗaya, yana Dakar babban birnin Senegal a maƙabartar Musulmi ta Yof. Shi ya sa kakanka ya kau da kai.

A taƙaice ga yadda abin yake. An haifi Ahmadu Ahijo a Garwa a 1924, ya yi aikin gidan waya yana buga tangaraho kafin siyasa, ya zama firaminista a 1958, ya zama shugaban ƙasa na farko a 1960. Ranar 4 ga Nuwamba 1982 ya fito a rediyo ya ce ya sauka, bayan kwana biyu Paul Biya da ke firaminista ya karɓa. Ba a daɗe ba suka ɓata, Ahijo ya bar ƙasar a 1983, a farkon 1984 kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa ba ya nan, daga baya aka mayar da shi ɗaurin rai da rai. Sai kuma yunƙurin juyin mulki na 6 ga Afrilu 1984, wanda bayansa gidaje da yawa a arewa suka rasa 'ya'yansu, wasu aka kashe wasu aka ɗaure, kuma wannan ne ya sa tsofaffi irin kakanka in an zo wurin nan suke rage murya har yau. Ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamba 1989. Matarsa Germaine ta zauna can tana jiran ranar da za a mayar da shi gida, har ita ma ta rasu a 2021 aka binne ta kusa da shi. Maganar dawo da gawar tana tasowa duk lokacin zaɓe sannan ta kwanta.

Ban ce maka mulkinsa duk alheri ba ne, jam'iyya ɗaya ce, kuma wanda ya buɗe baki ya san inda ake kai mutane, mutanen kudu da yamma suna da nasu labarin mai ɗaci game da shi. Amma in ka zo Garwa ka ga filin jirgi, ka ga filin ƙwallo na Rumde Ajiya da aka gina a 1978, ka je Lagdo ka ga madatsar ruwan da 'yan Sin suka gama a 1982, za ka gane abin da kakanka ke nufi. A lokacin ma arewa duka lardi ɗaya ce Garwa ce hedikwata, sai a 1983 aka raba ta uku.

In kabarin babban mutum kake son ziyarta a Garwa akwai na Isa Hayatu, ɗan gidan sarautar garin, wanda ya riƙe hukumar ƙwallon Afirka daga 1988 zuwa 2017, a hannunsa gasar kofin Afirka ta tashi daga ƙasashe 8 zuwa 16. Ya rasu a Faransa ranar 8 ga Agusta 2024, saura kwana ɗaya ya cika 78, shi kam an kawo shi gida.

TAMBAYA: Kawu kullum ku 'yan Garwa kanku kuka sani. Mu nan Kusiri kiɗan Cadi muka tashi da shi. Ka taɓa jin Gazonga? (Ɗan kasuwa mai tsallaka gadar Ngeli kullum)

AMSA: Alhaji a yi haƙuri, ga shi na zo kanku. Wa bai san Metir Gazonga ba? Ahmat Saleh Rugalta sunansa, mutumin Am Timan, an haife shi 1948 ya rasu a Njamena ranar 1 ga Afrilu 2006. Waƙarsa ta mahassada da ya ɗauka a Abijan a shekarun 1980 har yau in aka sa ta a biki tsofaffi sai sun miƙe, daga Njamena har Duwala.

Amma ni abin da ya sa nake girmama shi daban ne. Ya san mutanen ƙauye ba su da kuɗin tikiti, sai ya ɗauki ƙungiyarsa Shalal da kayan kiɗa su shiga karkara wata da watanni, a kafa fili, mai dawa ya kawo dawa, mai shinkafa ya kawo, mai busasshen kifi, mai kaza, mai wake, da shi za ka shiga. A loda kayan a mota a kai Njamena, a sayar da wasu a biya makaɗa, saura a raba wa iyalansu. Ka ga wannan ai shi ne tsarin makaɗanmu na gargajiya da ake ba su dami a bakin gona, shi dai ya haɗa da janareta da lasifika. Mawaƙan yanzu da ke jiran wani Alhaji ya yi musu liƙi su ɗora a TikTok, da sun yi nazarin mutumin nan.

TAMBAYA: Kawu maza kawai kake yabo. Ina Barmani? (Maman 'yan biyu, Ngaundare)

AMSA: Na karɓi ƙorafi Maman 'yan biyu. Hajiya Sa'adatu Barmani Coge ta Funtuwa, ta rasu 2013. Kiɗan amada, ƙwarya a kife wata a kan ruwa a cikin babban masaki wata a ƙasa, mata zalla ke bugawa. Kafin ita akwai Uwaliya Mai Amada a Kano. Abin da Barmani ta yi shi ne ta ɗauko maganar da mata ke yi a ɗaki in maza sun fita, kishi da haihuwa da miji marowaci da macen da ba ta sana'a, ta fito da ita fili da baki mai kaifi, kuma mu maza muna jin ta muna yi kamar ba mu ji ba. Kullum tana zuga mata su nemi na kansu. Ku da kuke adashi a unguwar Baladji ta Ngaundare kun fi ni sanin wannan.

TAMBAYA: Kawu ina gaisuwa. Maganata tana da nauyi. Mahaifinmu makaɗin kalangu ne, shi ke yi wa mahauta kiɗa a garinmu kuma ba bikin da ake yi ba a kira shi ba. Ya rasu da daɗewa. 'Yan uwana maza yanzu sun zama 'yan kasuwa, ba sa so a ce su 'ya'yan makaɗi ne, har babban yayanmu ya ce in ƙona kaset ɗinsa da ke cikin adakar mahaifiyarmu wai muna ƙara masa nauyi a kabari. Kaset ɗin sun kai cikin leda biyu. Ni kuma in na ji muryarsa sai in ji kamar yana tsakar gida. Me zan yi? (Hajiya, daga wani gari kusa da Garwa)

AMSA: Hajiya Allah ya jiƙan Baba ya yi masa rahama. Kada ki ƙona. Na faɗa da farko don kada ki gaji da karatu kafin ki iso wurin.

Maganar hukuncin kiɗa filin nan ba na fatawa ba ne, malamai sun yi saɓani a kai tun da can, ki samu malamin da kika yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa ki tambaye shi ke da yayanki tare. Abin da ba a yi saɓani a kai ba shi ne addu'ar ɗa tana isa ga mahaifi, da sadaka, da biyan bashin da ya bari, da sada zumuncin da yake sadawa. In yaya yana tsoron nauyi a kan Baba to ga inda zai sa dukiyarsa. Amma ina zargin ba kabari ne ke damunsa ba, majalisa ce, kada a ce masa ɗan maroƙi a gaban abokan kasuwanci. Da kuɗin kalangun nan aka ciyar da shi aka yi masa kaciya aka sa shi makarantar allo. Ki faɗa masa da ladabi, yayanki ne, amma ki faɗa masa.

Ki duba tambayoyin da ke sama. Shata mun san shekarar haihuwarsa da inda ya kwanta. Ɗan Maraya Jos mun san an haife shi a Bukur a 1946, iyayensa suka rasu yana ƙarami Sarkin Hausawan garin ya riƙe shi, mun san kuntiginsa ɗan gwangwani ne da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya, mun san ya rasu a watan Yuni 2015. Dalili kawai su an ɗauke su a rediyo, an rubuta su a jarida, ɗalibai sun yi bincike a kansu. Namu fa na nan? Kowace unguwar Hausawa daga Garwa zuwa Tibati zuwa Banyo zuwa Birkitari a Yawunde ta yi makaɗinta, mai kalangun mahauta, mai dundufar maƙera, mai gangar noma, mai goge, mai algaita da kakaki a ƙofar Lamiɗo, zabiyar da in ba ta zo ba amarya ba ta fita, sankiran da ya haddace asalin kowane gida, wa ya zo daga Kano da fataucin goro, wa ya zo daga Katsina, wa ya tsaya a nan a hanyar Makka bai ƙarasa ba. Suna mutuwa da abin a cikinsu. Ledojin nan biyu naki wataƙila su kaɗai suka rage da sunayen mahautan garinku na wancan zamani da kirarinsu, ba na gidanku ba ne ku kaɗai.

Yanzu ga aiki. Kaset ba ya son zafi da ƙura da danshi, kuma adakar ƙarfe a ɗakin kwano a watan Afrilun Garwa kin san abin da ake ciki, ki fito da su yau ki sa a inuwa inda iska ke shiga, nesa da lasifika don maganaɗisun da ke cikinta yana goge sauti. Kada ki ɗauki kaset ki jefa a tsohon rediyon da ya shekara goma ba a kunna ba, zai tauna zaren. A fara goge kan da ke karanta zaren da ɗan robar da ke jansa da auduga da sifirit, a gwada da wani kaset da ba ki damu da shi ba. Kowane kaset ki sa biro a ramin ki juya a hankali ki ji ko zaren ya manne, in yana tafiya sai a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi kafin a saurara. Ki leƙa ƙarƙashin zaren a tsakiya akwai ɗan soso ƙarami, in ya faɗi murya ba za ta fita da kyau ba, ana manna wani daga kaset ɗin banza. Wanda kwanson ya fashe masu gyaran rediyo na kasuwa, tsofaffin ba yaran da ke gyaran waya ba, sun iya kwance shi su mayar da zaren cikin wani kwanso mai noti.

Ɗauka kuma, mafi kyau a haɗa waya daga ramin iyafis na rediyon zuwa kwamfuta, akwai manhaja kyauta Audacity da yaran da ke saka waƙa a memori suka sani. In babu, ki bari sai dare ya yi gari ya yi shiru, ki kashe fanka, ki sa wayarki a yanayin jirgi kada kira ya shigo, ki ajiye ta kamar taki ɗaya daga lasifika ki ɗauka. Kada ki bar shi a waya ɗaya, waya tana faɗawa ruwa ana sace ta, ki sa a memori biyu ki ba 'yar uwarki ɗaya, a ɗora wani a intanet. In za ki tura a WhatsApp ki tura shi a matsayin fayil don kada ya matse sautin.

Sai abin da ya fi duk wannan wuya kuma ba ya jira. Ki ɗauki waƙoƙin ki je wurin tsofaffin matan unguwa da tsofaffin mahauta da suka rage, ki kunna musu, ki riƙe littafi. Bikin wa ne wannan, wa ake wa kirarin nan, su wa ke amshi, kafin Ahijo ya sauka ne ko bayan, kafin a tare ruwan Lagdo ne ko bayan, da haka za ki gane shekarar. Ki rubuta a jikin kowane kaset. Ɗaliban tarihi a jami'ar Ngaundare da ta Marwa da sabuwar ta Garwa irin wannan suke nema, in wani ya zo ki ba shi kwafi, asalin kuma kada ya bar hannunki ko da ya rantse zai dawo da shi gobe.

TAMBAYA: Kawu na yi abin kunya. An turo min hoton wani tsohon mai gogen unguwarmu a WhatsApp da Inna lillahi a ƙasa, ni kuma na tura guruf bakwai har na ƙara da cewa za a yi jana'iza bayan la'asar. Washegari na gan shi a kasuwar Pitowa yana cinikin akuya. Yanzu ya ce zai yi min waƙa. (Wani matashi, Garwa)

AMSA: Ɗana ka shiga uku, gara mai goge ya kai ka ƙara wurin jandarmomi da ya yi maka waƙa. Wannan cutar ta tura mutuwar mutane ba a bincika ba ta yi yawa, 'yan fim na Kano da yawa sun karanta ta'aziyyarsu da idonsu a Facebook. Ka koma guruf bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ka rubuta cewa ƙarya ka yaɗa, da sunanka, ba wai "an ce" ba. Sannan ka sayi goro mai kyau da turmin yadi, ka ɗauki kawunka ko wani dattijo da yake jin nauyinsa ku je gida ku durƙusa. In ya huce ka roƙe shi ya ɗauko gogen, ka kunna wayar nan taka da ta jawo maka ka ɗauke shi awa guda, ka tambaye shi wa ya koya masa da wuraren da ya yi wasa, ka turo mana. Akuyar kuma in bai riga ya saya ba kai za ka biya.